KA SAN SUNAN KANSILANKA? AMANAR DA TA FI KUSA DA ƘOFAR GIDANKA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad (SAW), da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, yau maganar gida za mu yi. Da yawanmu a wannan dandali mun san sunayen ministoci, mun san abin da aka tattauna jiya a majalisar dattawa, muna iya raba dare muna musu a kan siyasar Amurka. Amma ka tsayar da mutum a nan Ƙofar Kabuga ka ce ya faɗa maka sunan kansilan mazaɓarsa, ko nawa ƙaramar hukumarsa ta samu a watan jiya, sai ya fara sosa ƙeya. Alhali kwatar da ta toshe a layinsu ba daga Abuja za a zo a yashe ta ba.

Mu fara da abin da yake a rubuce. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Kano tana da 44, babu jihar da ta kai ta. Mu a nan muna ƙarƙashin Gwale, mai mazaɓu goma, Kabuga ɗaya ce daga ciki. Kundin tsarin mulki na 1999 ya jero ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni da tashoshin mota, hanyoyin cikin unguwa da magudanan ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, kula da maƙabartu, sannan da sa hannu a harkar makarantun firamare da kiwon lafiya. Ka sake karanta jerin nan a hankali. Daga ranar da aka haife ka har ranar da za a kai ka makwanci, a hannun wannan hukuma kake.

Kuma ba aiki aka ba ta babu kuɗi ba. A tsarin rabon arzikin ƙasa, kashi 20.60 cikin ɗari na ƙananan hukumomi ne. Shekara da shekaru kuɗin nan yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa doka. A Kano an yi zaɓen ƙananan hukumomi a ranar 26 ga Oktoba, 2024, na shugabanni 44 da kansiloli 484. Aiwatar da hukuncin kotun ya yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasa, wannan gaskiya ne. Amma ni tambayata ita ce: ko da kuɗin ya iso cif, babu ko kwabo da ya yi ciwon kai a hanya, wa zai tsaya ya ga inda ya shiga?

A nan addini yake da magana.

Allah Maɗaukakin Sarki, a Suratun Nisa'i aya ta 58, Ya umarce mu da mayar da amanoni ga masu su, da yin hukunci da adalci tsakanin mutane. Malaman tafsiri da dama sun ce shugabanni ne farkon waɗanda ayar take magana da su. A Sahihu Muslim, Abu Zarri (RA) ya nemi Annabi (SAW) ya ba shi muƙami, sai ya nuna masa cewa shi mai rauni ne, muƙami kuma amana ce da za ta zama kunya da nadama ranar alƙiyama, sai ga wanda ya karɓe ta da cancanta kuma ya sauke abin da ke kansa. Abu Zarri fa! Mutumin da aka shaida da gaskiya da gudun duniya. To ina ga ni da kai?

Sai kuma ƙissar Ibnul Lutbiyya, wadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. An aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ware kashi biyu, ya ce wannan na jama'a ne, wannan kuma kyauta aka yi masa. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna, ai da ya ga ko kyautar za ta zo. Ma'ana, abin da kujera ta jawo maka, na kujerar ne, ba naka ba. Ranka ya daɗe ciyaman, mai girma kansila, malam ma'aji, kason da ɗan kwangila ya kawo maka gida da daddare, ka kira shi duk sunan da ka ga dama, hukuncinsa yana nan. Suratu Ali Imrana aya ta 161 ta gaya mana mai ha'intar dukiyar jama'a zai zo ranar alƙiyama ɗauke da abin da ya ha'inta.

Sayyidina Umar (RA) bai tsaya a wa'azi ba. Yakan rubuta abin da gwamna ya mallaka lokacin naɗa shi, yakan aika Muhammad bin Maslama (RA) ya binciki ƙorafin da aka kawo a kan gwamnoni, waɗanda kuma sahabbai ne. Kenan bincike ba zargi ba ne, ba kuma rashin ladabi ba ne. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a garin nan. Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha a kan haƙƙoƙin da ke wuyan mai mulki, kuma a nan Kano Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkam saboda mutanen Kano sun nemi ya bayyana musu yadda ake mulki bisa shari'a. Kakanninmu tambaya suke yi.

To amma bari in juyo kanmu, domin ruwa ba ya tsami banza. Je ka ƙofar gidan kowane kansila da sassafe ka ga layi. Wannan matarsa ta haihu, wannan zai aurar da 'ya, wannan kuɗin haya, wannan na cefane. Ban raina buƙatar kowa ba, wallahi ana cikin matsi. Amma a cikin mutum hamsin, da wuya ka sami ɗaya da ya zo tambayar me ya sa babu magani a asibitin sha-ka-tafi, ko me ya sa yara ke zaune a ƙasa a ajin da rufinsa ya yaye. Albashinsa ba zai ɗauki wannan layi ba. Daga ina kake so ya samo? Daga kuɗin kwalbati. Ka karɓi dubu biyar ka tafi kana sa albarka, damina ta zo ruwa ya shigo maka ɗaki, ka ɗora hannu a ka kana Allah ya isa. Kuɗin kwatarka ka ci, ɗan'uwa, ba ka sani ba.

Kuma sakacin nan rai yake ci. Cutar mashaƙo da ta ɓarke a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, mafi yawansu yara, alhali cuta ce mai riga-kafi, a ƙaramin asibitin unguwa ake yin sa. Kwata mai ruwa kwance gidan sauro ce. Maƙabartar da babu katanga, dabbobi ke ratsawa, ruwa ke zaizaye kaburburan iyayenmu. Duk waɗannan sun shiga kare rai da mutuncin Musulmi, rayayye da mamaci.

Me ya kamata mu yi?

Na farko, ka san mutanenka: kansila, shugaban ƙaramar hukuma, mai unguwa, dagaci. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa abin da aka raba wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata a intanet. Matasanmu masu waya a hannu, datar da ake ƙonawa wajen zagin juna ta isa a duba wannan.

Na biyu, a je a jama'ance, da takarda. Dattawan layi, limami, matasa, da wakilcin iyaye mata, a zauna a fitar da buƙata ɗaya ko biyu da kowa zai amfana, a rubuta, a sa hannu, a kai, a ajiye kwafi, a koma bayan wata guda. Mutum ɗaya ana sallamarsa da na goro, unguwa guda ba a yi mata haka.

Na uku, a kiyaye ladabin nasiha. Hadisin Tamimud Dari (RA) ya sanya shugabanni cikin waɗanda ake yi wa nasiha. Suratul Hujurati aya ta 6 kuma ta hore mu da bin diddigin labari. Kada ka hau Facebook ka kira mutum ɓarawo ba ka da hujja. Ka tambaya, ka faɗi abin da idonka ya gani, in an yi aiki kuma ka yaba ko ba jam'iyyarku ɗaya ba.

Na huɗu, mu sauke namu. Kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, kamar yadda ya inganta. Wanda ke jiran hadari ya haɗo ya juye shara a kwata, ko ya ja katangarsa ta cinye hanya, da wane baki zai tuhumi ciyaman? Ganuwar da ta ba unguwar nan suna, da hannun jama'a aka ɗaga ta. Aikin gayya gadonmu ne.

Na biyar, gare mu malamai da limamai. Idan buhun shinkafar azumi ko kujerar Makka za ta sa harshenmu ya yi nauyi ranar da ya kamata mu yi magana, to barinta ya fi alheri. In mai muƙami ya ce me masallaci yake buƙata, a nuna masa rijiyar burtsatsen da ta lalace a bayan masallacin.

Ga masu riƙe da kujerun kuma: wa'adi gajere ne, hisabi dogo ne. A unguwar nan za ku ci gaba da zama bayan an sauka, mutanen nan ne za su sallace ku, kuma maƙabartar da kuka gyara ko kuka bari, can za a kai ku.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya haɗa su da mashawarta nagari, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da ladabi. Allah Ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Wanda ya karanta, ya isar wa dattawan layinsu.

Wallahu a'alam.