Wa Ya Kawo Kyautar?

Ya kai mai karatu, uba ko uwa, ga tambaya. Daidai ne ka faɗa wa ɗanka abin da ba gaskiya ba domin ka faranta masa rai? Kada ka yi saurin amsawa. Bari mu duba abin da ake yi a ƙasar Amurka lokacin Kirsimati.

A can watan Disamba sanyi ne ƙwarai, a arewacin ƙasar har ƙanƙara takan rufe ƙasa. Iyali sukan kafa koren itace cikin ɗaki, su yi masa ado da fitilu. Daren 24 ga wata yara sukan rataye safa kusa da murhu, su ajiye madara da biskit, su kwanta. An gaya musu wani tsoho mai farin gemu da jar riga, wai shi Santa Kilos, zai sauko ta bututun hayaƙi da kyautai. Da yara sun yi barci, sai uba da uwa su fito da kayan da suka saya suka ɓoye, su jera gindin itacen, su shanye madarar. Da safe gida ya cika da murna.

Labarin yana da tushe. A ƙarni na 4 an yi wani shugaban ikilisiya mai suna Nikolas a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. An ce ya ji labarin wani matalauci mai ƴaƴa mata uku, ba shi da abin aurar da su. Sai ya jefa masa zinariya ta taga da dare, don kada a san shi. Sunan Santa Kilos daga bakin mutanen Holand ya fito, haka suke kiran Nikolas. Tallar Coca-Cola kuma, tun daga 1931, ta baza hotonsa ko'ina.

Ɓoye hannu wajen kyauta abu ne mai kyau. Ubangijinmu Yesu ya koyar da haka cikin Matiyu sura 6. Uban da ya yi wahalar sayen kaya, bai kuwa nemi godiya ba, ya cancanci yabo.

Amma ana kuma gaya wa yaran cewa Santa yana ganin duk abin da suke yi. Mai kirki zai sami kyauta, mai ƙin ji zai sami gawayi. To, wa ke biyan kuɗin? Iyaye ne. Ɗan mai kuɗi ya tashi ya tarar da keke, ɗan talaka ya tarar da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Me yaron nan zai ce da kansa? Sai ya ɗauka shi ne mugu. Bishara ba haka take ba. Romawa sura 5 ta nuna Almasihu ya mutu dominmu tun ba mu da wani kirki da za mu nuna.

Watakila ka ce, ai tatsuniya ce. Amma in kaka tana ba da labarin Gizo da Ƙoƙi, yaro ya san inda aka shiga, ya san inda aka fita. Ba mai tashi da dare ya yi sawun Gizo a ƙofa don yaro ya gaskata. Yaran Amurka sukan gane gaskiya wajen shekara 7 ko 8. Da yawa sukan yi dariya, magana ta wuce. Duk da haka, bakin da ya ce Santa yana ganinka, shi ne bakin da ya ce Allah yana ganinka. Yaro yana da dalilin tambaya, wanne ne wasa?

Kafin mu ga laifinsu, mu ma mukan ce Dodo zai kama ka, ko zan sayo maka ƙosai daga kasuwa, alhali ba mu da niyya.

Waɗansu iyalan Kirista a Amurka sun bi wata hanya. Sukan ba yara labarin Nikolas, su ce musu mutum ne kamarmu, ya rasu tun da daɗewa. Da safe sukan karanta Luka sura 2 tukuna su buɗe kyautai. Waɗansu kuma sukan haɗa ƙunshi, su ba yaran su kai ƙofar maƙwabci mai bukata, su ajiye, su koma gida ba tare da sun faɗi sunansu ba.