Zuciyar Mutum Birninsa

Ɗan'uwana mai karatu, ka taɓa tsayawa ka ƙidaya abubuwan da Bahaushe ke nufi in ya ce zuciya? Wanda ya fusata ya tafi, a ce ya yi zuciya. Malalacin da ya bar gonarsa ta cika da ciyawa, a ce zuciyarsa ta mutu. Akwai son zuciya, akwai wadatar zuci, akwai yin abu da zuciya ɗaya. A ajin yaƙi da jahilci gaɓa uku ce tak, zu-ci-ya, ba ta ba ɗalibi wahalar rubutu. Wuyar tana wajen ma'ana.

Likita zai ce maka tsoka ce da ba ta wuce dunƙulen hannunka ba, tana bugawa wajen sau dubu 100 a kwana guda tana tura jini. A shekara ta 1967 wani likita mai suna Barnard, a Afirka ta Kudu, ya ciro zuciyar wadda ta rasu ya dasa wa wani maras lafiya, kuma tun daga nan an yi wa dubban mutane irin wannan aiki. Duk wanda aka yi wa, da halinsa na da yake tashi, marowaci da rowarsa, mai kyauta da kyautarsa. To, ashe zuciyar da addini ke magana a kanta wata ce dabam.

A wurin Kirista, zuciya ita ce can cikin mutum inda yake tunani, yake ƙulla niyya, yake amsa wa Allah i ko a'a. Littafi Mai Tsarki, wanda aka gama fassarawa da Hausa a 1932, ya ba da labarin annabi Sama'ila da aka aika gidan Yesse ya naɗa sarki. Ya ga babban ɗa, dogo mai kwarjini, ya ɗauka shi ne. Aka nuna masa cewa duban Allah ba irin na mutane ba ne, zuciya yake dubawa, sai sarauta ta faɗa kan autan da ke kiwon tumaki, wato Dawuda. Yesu Almasihu kuma, da aka yi gardama kan wanke hannu kafin cin abinci, ya koyar cewa abin da ke ƙazantar da mutum daga cikinsa yake fitowa, sata da kisa da hassada da girman kai duk a zuciya ake ɗaukar cikinsu. Musulmi ba zai ji wannan baƙon abu ba, don shi ma an koya masa cewa akwai wata tsoka a jiki wadda gyaruwar mutum da ɓacinsa suka rataya a kanta.

Hausawa sun ce zuciyar mutum birninsa. Mu mutanen Damagaram mun san birni. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya ƙarfafa ganuwar garin nan har da igwa da maƙeransa suka ƙera, kowace ƙofa da masu tsaronta. Duk da haka a 1899 Faransawa suka shigo, yau kuwa guntayen ganuwar kaɗai suka rage a unguwar Birni. Karin maganar tana nufin mutum shi ke iko da cikinsa, ba mai shiga sai da yardarsa. Addinin Kirista ya yarda da rabin wannan, amma ya ƙara da cewa maƙiyin birnin nan a ciki yake kwana. Annabi Irmiya ya kwatanta zuciya da mayaudariyar da mai ita ma bai gama saninta ba. Saboda haka ba a ce wa Kirista ya bi duk abin da zuciyarsa ta raya masa. Abin da ake sa rai shi ne alkawarin da ke cikin littafin Ezekiyel, cewa Allah zai cire zuciyar dutse ya sa ta nama, mai jin zafi da tausayi. Duwatsun Birni suna nan, ka je ka duba, ruwan damina nawa ya zuba musu, ko ɗigo bai shiga ba.

Maganar nan an jarraba ta a garinmu. Kirista sun daɗe a nan, tun da mishan ta SIM ta sauka Zinder a 1924, ko da yake ba su taɓa yin yawa ba. Ranar Jumma'a 16 ga Janairu 2015, bayan an sauko masallaci, fushin zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa ya ɓarke. Aka ƙone majami'u, da mishan ta Katolika, da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, aka yi asarar rayuka. Kashegari wutar ta kama Yamai, inda ƴan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙone. Mutum 10 suka mutu a garuruwan biyu. Ɗaruruwan Kirista na Zinder sun nemi mafaka a barikin soja, mutanen da ba su zana komai ba, wasunsu ko sunan jaridar ba su taɓa ji ba. A ranakun nan kuma akwai Musulmi da suka buɗe ƙofar gida suka ɓoye maƙwabtansu, suna sane da abin da zai iya samunsu. Gari ɗaya, rana ɗaya, dubi abin da ya fito daga zukata.

Bayan ƙura ta lafa, shugabannin ikilisiyoyi suka yi kira ga mabiyansu su gafarta. Nan ne gizo ke saƙa, mai karatu. A al'adarmu mai zuciya shi ne wanda ba a taka shi ya kyale. Wanda aka ƙone wa ɗakin ibada ya ce ya yafe, ba za a rasa mai cewa zuciyarsa ce ta mutu ba, ko kuwa tsoro ne na marasa yawa. Zancen tsoron yana da ƙamshin gaskiya, ba na musu, don wanda ba shi da ikon ramawa yafewarsa tana da saurin fita baki. Amma ni a ganina ana gane bambancin. Mai matacciyar zuciya ba ya jin ciwon abin da aka yi masa. Matsoraci kuma yakan yi shiru a fili, ya koma ɗaki ya shayar da ƴaƴansa ƙiyayya tare da kunu. Gafarar da Almasihu ya nema ta fi waɗannan biyu tsada, domin ya ce daga zuciya za ta fito, inda ba mai gani balle ya yaba maka. Mutum yana jin zafin sarai, yana iya kai ƙara gaban alƙali ya nemi haƙƙinsa, amma ya ƙi yi wa mai laifin fatan sharri, har ya sa shi cikin addu'a. Shi kansa Yesu yana kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara.

Wannan ne dalilin da ya sa ƴan Katolika ke zana zuciyar Yesu da rauni a jikinta, kewaye da ƙaya. Charles de Foucauld, wanda ya zauna cikin Buzaye a Tamanraset har aka kashe shi a 1916, hoton jar zuciya da gicciye ke ɗinke a gaban rigarsa.

Kada ka zaci aikin rana ɗaya ne. Yesu ya yi misali da mai shuka wanda irinsa ya faɗa wurare dabam-dabam, ya ce ƙasar ita ce zuciyar mai ji. Manomi ya san fako, ƙasar da ta taurare har ruwa ke gudu a kanta. Ya kuma san ana farfaɗo da ita da tassa: a haƙa ramuka tun da rani, a zuba taki, gara ta huda ƙasar, ruwan fari ya tsaya ya shiga, gero ya fito inda aka fid da rai. Haƙar tana cin hannu, kuma kowace shekara sai an koma. Cikin addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, mai roƙo yana ɗaure gafarar da yake nema wurin Allah da wadda shi ya yi wa mutane. Kirista na Damagaram suna faɗinta kowace Lahadi, wasunsu kuwa ranar Litinin a kasuwar Dole za su yi ciniki da wanda suka gani da idonsu riƙe da galan na fetur.