Sunan da muke kiran kurma da shi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ji, Mai gani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani ɗan abu ne da ya faru a zawiyarmu ana shirin tafiya Maulidi Kiyota. Muƙaddami ya sa ni rubuta sunayen masu tafiya da kuɗin motar da kowa ya biya. Sai ga wani ɗan'uwa ya miƙo nasa, mutumin da na sani fiye da shekara ashirin. Shi ke shimfiɗa tabarmi kafin wazifa, shi ke cika randa, ba a taɓa nemansa ranar zikirin Juma'a an rasa ba. Na ɗora biro kan takarda, sai na tsaya, don ban san sunansa ba. Na tambayi na damana, na tambayi na haguna, amsa ɗaya ce: "Ai Bebe ne, rubuta Bebe." Shi kuwa yana tsaye yana bin bakunanmu da kallo. Da ya gane abin da ake nema, ya zaro katinsa na ɗan ƙasa ya ajiye a gabana, ya ɗora yatsa kan sunan. Sunan ɗaya daga cikin manyan sahabbai ne. Ubansa ya yanka rago ranar bakwai ya raɗa masa shi, mu kuma duk zamanmu tare ba wanda ya taɓa tambaya.

Tun ranar nake juya wannan mas'ala: da wace kalma ya kamata a ambaci mutumin da ba ya ji, kuma wa ke da ikon zaɓenta?

Mu fara da kalmomin biyu da muke cuɗanya su. Kurma shi ne wanda ba ya ji, ko jinsa ya yi rauni ƙwarai. Bebe shi ne wanda ba ya magana. Galibin waɗanda muke ce wa bebaye, harshensu da maƙogwaronsu lafiya lau suke. Yaro da kunne yake koyon magana, yana ji yana kwaikwaya. In an haife shi ba ji, ko cuta ta tafi da jin kafin bakinsa ya buɗe, to ba shi da abin kwaikwaya. Wanda kuwa ya kurumce bayan ya girma, yana magana kamar kowa, sai dai ba ya jin amsar da aka ba shi. Dalilan ma ba ɓoyayyu ba ne a ƙasarmu. Sanƙarau da ke zuwa mana da rani, wanda ya yi mummunar ɓarna a 1995, ya kuma dawo da ƙarfi a Yamai a 2015, yana barin wasu daga cikin waɗanda suka tashi ba ji. Akwai ƙyanda, akwai ciwon kunne mai ruwa da aka bari ya daɗe, akwai wasu allurai masu ƙarfi, akwai gado. Mafi yawan yara kurame iyayensu masu ji ne. Na faɗi haka ne saboda uwar da ake yi wa raɗa cewa wani laifi ta aikata, ko ta fita da almuru iska ya shafi cikinta. Wannan zato ne, kuma zalunci ne a kanta.

Matsalar kalmar bebe ita ce shaidar da take bayarwa ba gaskiya ba ce. Tana cewa mutumin ba shi da magana, alhali yana da ita, a hannunsa da fuskarsa. Kurame a ƙasar Hausa suna da yarensu tun da daɗewa, ana ce masa maganar hannu, kuma da shi suke ciniki da ba'a da faɗa da neman aure. Ba yare ɗaya ba ne a duniya duka, kamar yadda wasu ke tsammani. Ko a nan, yaron da ya shiga lakwal ta kurame a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, alamun da aka koya masa tushensu na Amurka ne, sun yaɗu a Afirka ta hannun Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke da ya buɗe makarantarsa ta farko a Ghana a 1957. Dattijon kurma na ƙauye nasa alamun daban ne. Hausawa kan ce maganar bebe sai uwarsa, amma duk wanda ya ga kurame goma sun haɗu a bakin kasuwa ya san karin maganar nan jahilcinmu ta bayyana.

Malaman fiƙihu sun riga mu fahimtar wannan. A wurinsu isharar da ake ganewa daga wanda ba ya furuci tana tsayawa matsayin magana: da ita yake ɗaura aure, yake saki, yake saye da sayarwa, kuma a mazhabar Imamu Malik ana karɓar shaidarsa da ita. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Zakariya, amincin Allah ya tabbata gare shi, ya kwana uku yana magana da mutanensa da nuni kaɗai, da Sayyida Maryam wadda ta amsa wa mutanenta da nuna jaririn. Wanda shari'a ta karɓi aurensa da shaidarsa, ina muka samo damar ɗaukarsa kamar yaro ko mai taɓin hankali?

To, sai wani ya ce, tunda haka ne mu bar kurma ma, mu riƙa cewa mai lalurar ji, ko mai buƙata ta musamman, yadda ake faɗi a rediyo. Niyyar mai wannan magana kyakkyawa ce, kuma akwai wanda haka ya fi so, musamman dattijon da jinsa ya ragu da shekaru. Sai dai kurame da yawa, waɗanda suka tashi cikin maganar hannu, da kansu suke ce wa kansu kurame, ba sa jin kunyar kalmar, wasu ma kewaye-kewayen nan ne ke ba su haushi, don yana nuna kamar halinsu abin ɓoyewa ne. Kuma muna da hujja babba. Surar Abasa ta ambaci Abdullahi ɗan Ummi Maktum, Allah Ya ƙara masa yarda, da siffarsa ta makanta, a daidai wurin da take ɗaga darajarsa. Shi ne ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, aka kuma riƙa bar masa jan salla a Madina in an fita. Ashe faɗin halin mutum na gaskiya ba zagi ba ne. Zagin yana shigowa ne lokacin da siffar ta cinye sunan, har mutum ya zama ba kowa ba sai ita.

Aya ta 11 ta surar Hujurati ta hana izgili da jifan juna da laƙabi. Malamai sun yi togiya ɗaya: in an san mutum da laƙabin kuma ana son a gane shi, kamar yadda ake kiran wasu maruwaita da A'amash da A'araj. Imamu Nawawi ya sa mata sharaɗi, kada a nufi tauye shi, kuma in da wata hanyar gane shi, ita ta fi. A zawiyarmu hanyar tana nan cikin aljihun mutumin, tambaya ce ba mu yi ba. Ku dubi Abul Abbas al-Asamm, babban malamin hadisi na Naisabur da ya rasu a 346 bayan Hijira. Ya kurumce, bai fasa karantarwa ba fiye da shekara saba'in, ana zuwa wurinsa daga ƙasashe masu nisa. Duk da wannan girma, an ruwaito cewa ba ya son a kira shi da laƙabin. Wani yana alfahari da kalma, wani tana sukarsa. Shi ya sa na ga hukuncin yana hannun mai sunan. A tambaye shi, da hannu ko da rubutu.

Akwai wani wurin da ya fi wannan nauyi, kuma mu masu wa'azi ya shafa. Alƙur'ani ya siffanta munafukai da kurumta da bebanci da makanta a farkon surar Baƙara. Mukan ɗauki wannan mu yi ta bugawa a majalisi: kada ka zama kurma, kada ka zama bebe. Amma waɗanda ayar take nufi kunnuwansu ras suke, sun ji Alƙur'ani daga bakin wanda aka saukar masa, sun juya baya. Surar Hajji ta bayyana cewa makantar da ake tsoro ta zuciya ce. Saboda haka ayar ba ta taɓa ɗan'uwan nan mai cika randa ba ko kusa, mu masu ji ne take yi wa barazana. Wajibi ne mai wa'azi ya fayyace haka duk lokacin da ya kawo misalin, don a cikin taron akwai uban kurma, akwai matarsa, akwai yaran da za su fita su yi masa kwaikwayon murya a lungu suna ganin malam ya ba su hujja.

Magabatanmu a wannan hanya suna da wani da ya ɗauki sunan da kansa. Hatim al-Asamm, mutumin Balkh, almajirin Shaƙiƙ al-Balkhi, wanda ya rasu a 237 bayan Hijira, ba kurma ba ne. Imamu Ƙushairi ya kawo a Risalarsa cewa wata mata ta zo tambayarsa mas'ala, sai iska ta kuɓuce mata da sauti, kunya ta rufe ta. Ya ce ta ɗaga murya, ya nuna kamar ba ya ji sosai. Hankalinta ya kwanta, shi kuma sunan ya bi shi har yau. Shehi ya yarda a ce masa kurma don ya rufa wa mace ɗaya asiri. Mu muna maimaita labarin muna girgiza kai don daɗi, sannan mu fita mu wuce kurman gaske ba sallama, wai ai ba zai ji ba.

Zai gani. Ka zo ta gabansa, ka ɗaga hannu, ko ka taɓa kafaɗarsa a hankali. Kada ka jefe shi da tsakuwa don ya waigo. Ihu ba ya ƙara komai sai ɓata fuskarka, har ya zaci faɗa kake yi, kuma karatun leɓe ba ya ba shi sai kaɗan daga abin da aka faɗa, sauran cike gurbi yake yi. In akwai mai fassara, shi kurman za ka kalla kana magana. Game da zancen cewa kurma na da zafin rai, ka gwada zama wuni ɗaya cikin mutane suna dariya suna kallonka, ka tambaya a ce maka "ba komai", ka ga yadda ranka zai yi.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. A cikin motar Kiyota, wani ƙanensa mai jin maganar hannu ya zauna tsakaninmu. Na tambaye shi ta bakin ƙanen wa ya koya masa alwala da salla. Ya ce ba kowa, kallo ya yi ya kwaikwaya. Na tambaye shi abin da muke faɗi a wazifa, ya ce ya san ambaton Allah ne da Annabi, yana jin rawar muryoyin a ƙirjinsa in an haɗa hailala, amma ba wanda ya taɓa zama ya gaya masa ma'ana. Na kai maganar ga muƙaddami. Yanzu ƙanen yana zama kusa da shi ranar Juma'a bayan la'asar yana mayar masa da karatun, kuma biyu daga cikin samarinmu sun fara koyon alamun.

Kafin mu sauka ya nuna mini sunansa na hannu, don kurame suna raɗa wa kowa suna da alama. Na ce to ni fa, ina da shi? Ya yi dariya, ya kai hannu bakinsa, ya riƙa buɗe yatsu yana rufewa. Ƙanen ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, wai mai yawan magana." Na ce a gaya masa na karɓa.