Hancin Arfaja da Haƙorin da Na'ura ke Bugawa

Tun zamanin jahiliyya aka datse wa Arfaja ɗan As'ad hanci a yaƙin Kulab. Ya sa aka ƙera masa na azurfa, sai ya riƙa yi masa wari. Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya yi na zinare, ƙarfen da aka hana maza ado da shi. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun kawo labarin, kuma Muhtasar na Shehu Halilu, wanda har gobe ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar Kano, ya cire hanci da ɗaurin haƙori daga cikin haramcin zinare ga namiji.

Darasin da aka fi ɗauka shi ne gyaran lahani halal ne. Abin da hadisin Ibn Mas'ud ya la'anta shi ne fiƙe lafiyayyun haƙora don a samu wushirya. Saboda haka mai giɓi a Kiru ko Bebeji ba ya buƙatar dogon neman fatawa. Haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi kuwa, wannan rigimar wata rana ce.

Amma akwai darasi na biyu da ba a cika tsayawa a kansa ba. Ƙarko ne ya buɗe wa zinare ƙofa. Azurfa ta gaza a jikin mutum, zinare bai gaza ba, shari'a ta bi wanda zai daɗe. Ke nan tambayar shekara nawa abu zai yi a baki ta shafi malami kamar yadda ta shafi likita.

Dashen haƙori na zamani kashi biyu ne. Akwai ƙusar ƙarfen titaniyam da ake kafawa a muƙamuƙi. Likitan Suwidin Per-Ingvar Brånemark ne ya lura a 1952 cewa ƙashin zomo ya manne da wannan ƙarfe ƙam, a 1965 ya dasa wa mutum na farko, wanda ya ci abinci da dashensa har ya rasu a 2006. Sai kuma hular da ake ɗorawa a kan ƙusar, wadda ita ce ke tauna. An saba sassaƙo ta daga dunƙulen zakoniya, wani tangaran mai taurin gaske. Yanzu kuma ga na'urar 3D, wadda ke karɓar hoton baki daga kwamfuta ta gina hular shimfiɗa bisa shimfiɗa da ruwan roba, haske yana daskarar da ita. Ta fi sauri, ta fi araha, ba ta ɓarnar kaya.

Matsalar tana wurin ƙarfi. A gwajin lanƙwasawa zakoniya takan kai wajen megafaskal 1,000 kafin ta karye, yawancin robar bugawa kuwa tana tsakanin 100 da 150. Sannan haƙorin da Allah ya halitta yana da wata siririyar jijiya tsakaninsa da ƙashi, mai rage ƙarfin cizo da kuma sanar da mutum ya ciji tsakuwa. Dashe ba shi da ita, nauyin duk a kan hula da ƙusa yake sauka. Masu goyon bayan roba na cewa taushinta na shanye wani ɓangare na bugun, kuma akwai hankali a maganar. Sai dai tana saurin cinyewa, tana ɗaukar launi, kuma sai wajen 2020 aka fara sayar da irin da ake cewa na dindindin ne. Ba a gan ta a bakin mutane shekara ashirin ba, don ba ta kai ba.

To, bakin da ake magana a kansa a nan yana ɓare rake, yana fasa goro, yana cin gasasshiyar masara da kilishi.

Babbar hujjar masu na'urar ita ce in hula ta fashe, hoton yana nan, a sake buga wata a yini guda. Wannan gaskiya ne ga wanda ke zaune kusa da Asibitin Malam Aminu Kano. Manomin Riruwai a Doguwa sai ya keta dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada da Kwanar Ɗangora, ya bar gona da damina, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa. A wurinsa arahar da ke mayar da shi birni duk bayan 'yan shekaru ta zama tsada.

Nan ne hukuncin ciniki ya shigo. Muslim ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tulin hatsi, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawatar wa mai kayan kan algus. Majinyaci ba shi da hannun da zai cusa cikin hular haƙori, ga shi fara ce tas ko ta roba ko ta zakoniya. Likitan da ya ce masa wannan ta roba ce, kuɗinta kaza, ƙila a sake ta nan gaba, waccan ta fi tsada amma an daɗe ana gwada ta, ya sauke nauyin da ke kansa, ko da mutumin ya zaɓi ta robar. Wanda ya kira ta "ta har abada" don kada ciniki ya kuɓuce masa ya sayar da abin da masu ƙera ta ma ba su gama tabbatarwa ba.