Mikiya a kan kuɗi: ƙarfi ko amana?

Tun da aka fara buga kuɗin ƙarfe, masu mulki suke son mikiya. Sarakunan Masar da suka gaji Iskandari sun zana ta tsaye a kan tsawa, sojojin Rum sun ɗauke ta a kan sanda zuwa fagen fama. Amurka ta sa ta a hatiminta a 1782, ƙafa ɗaya riƙe da reshen zaitun, ɗaya riƙe da kibau 13. A kuɗin Mekziko tana kan ƙaya tana cin maciji, a Jamus tana bayan yuro, a Nijeriya kuma tana bisa tambarin ƙasa. Dalili ba ɓoyayye ba ne: tsuntsuwa ce mai tashi sama da kowa, mai hangen nesa, wadda ke kamu ba a kama ta. Wanda ya buga ta a kan kuɗi yana faɗa wa talaka cewa akwai ƙarfi a bayan wannan ƙarfe, don haka ya karɓa.

To, amma ƙarfi ne ke sa a karɓi kuɗi?

Amsar tana cikin liyarin azurfa da fatake suka riƙa ƙetarowa da shi Sahara zuwa Barno, Damagaram da Kano a ƙarni na 19. A fuska ɗaya hoton sarauniya Mariya Tereza ta Otirish, a ɗayar mikiya mai kai biyu, alamar gidan sarautarta. Sarauniyar ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ba canji. A 1858 ya daina aiki a ƙasarsa ta asali, a 1918 daular kanta ta rushe. Duk da haka kasuwannin Afirka da na Larabawa ba su sake shi ba, har ta kai a shekarun 1930 Italiya da Ingila suna buga shi da kansu, da mikiyar da ba tasu ba.

Bafataken Zinder bai taɓa biyan haraji ga wannan sarauniya ba, bai kuma ji tsoron rundunarta ba. Abin da ya sani shi ne nauyin kuɗin, giram 28, da azurfarsa da ba ta raguwa ko da daga hannun wa ya fito. Maƙerin farfaru na narka shi ya samu abin da ya zata, mata na rataya shi ado da ajiya. Mikiyar da aka zana don a ji tsoro sai ta koma shaidar cika alkawari.

Nan ne darasin yake. Ƙarfi na iya tilasta karɓar kuɗi iyakar inda mashinsa ya kai. Bayan nan sai amana. Haka abin yake ga rawani, da hatimin ma'aikata, da takardar shaidar karatu: alama tana da daraja gwargwadon nauyin abin da ke ƙarƙashinta. In an rage azurfa, ko kawuna nawa aka yi wa tsuntsuwa, kasuwa za ta gane.

Daular ta tafi, liyari ya bar kasuwa. Amma sunansa na Turai, wanda ya haifi kalmar dala, ya zauna a bakin jama'a. Yarinyar da ke tallar ƙosai a Maraɗi, in ta ce dala biyar, tana ƙirga da sunan kuɗin da aka yarda da shi don bai taɓa ha'intar kowa ba.