Wa Ke Biyan Kuɗin Juriya?

Da an zo maganar sauyin yanayi, kalmar da ta fi yawo a bakin masu taro ita ce juriya. Sai a ce mutanen karkara masu juriya ne, sun san yadda za su yi. Gaskiya ne, sun sani. Ambaliyar watan Agustan 2024 ta kwantar da gidajen ƙasa masu yawa a garin Gummi, amma garin bai tashi ba. Abin da ke damuna daban ne: shin duk dabarar da ta raba mutum da yunwa abar yabo ce, ko da wani ne zai biya kuɗinta?

Mu duba Anka da Bukkuyum. Manomin da ya dogara da damina ɗaya, wadda yanzu ba a san shigarta ba balle fitarta, dole ya nemi abin haɗawa. Da farashin zinare ya tashi, mutane suka koma ramuka. Ana ɗauko dutsen a kawo shi gida, a daka, a niƙa a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Dutsen nan cike yake da dalma. A shekarar 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, yara kimanin 400 suka rasu, wasu dubbai kuma gubar ta shiga jininsu, har sai da likitocin MSF suka kafa wuraren jinya. Garin Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, bayan an daɗe ana jiran kuɗin gwamnatin tarayya.

Wannan ma juriya ce, idan ma'anarta neman mafita da abin da ke hannu. Kuɗi ya shigo, an sayi babura, an rufa ɗakuna da kwano. Amma wanda ya biya bai kai shekara biyar ba, kuma ba a yi shawara da shi ba.

Ba na ɗora wa iyayen nan laifi. Ba su san dalma ba, kuma mai ƙoshi ba shi da bakin yi wa mai rumbun da ya ƙare a watan Yuli wa'azi. Rashin sani yana ɗauke zunubi, sai dai ba ya mayar da dabarar ta zama mai kyau. Abu biyu ne, mu kuwa muna yawan cakuɗa su don kada a ce mun zagi talaka.

Haka abin yake a fadama, ko da yake ba ya fitowa fili kamar mutuwar yara. Manomi ya sayi injin ban ruwa, ya faɗaɗa noman rani a bakin gulbi, ya samu abin kai wa kasuwa. Madalla. To idan gonar ta cinye burtali, ta toshe mashaya fa? Makiyayin da fari ya koro shi ma juriyarsa yake nema. Zamfara ta riga ta ga inda irin wannan karo ke kaiwa. Mai sare itace ya yi gawayi shi ma cin bashi yake, sai dai jikansa ne zai biya.

Akwai dabarar da ba ta aika wa kowa takardar bashi. A jihar Maradi, tun shekarun 1980, manoma suka fara barin tohon kututture a gona maimakon sassabe shi, suna rage rassa, suna kiwon guda biyu ko uku har su zama itace. An ƙiyasta hakan ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo ya fi burge ni a ciki: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma dabbobi su ci da rani. Manomi ya samu, makiyayi ya samu.

Sai dai gawo yana son shekaru, kuma yana son mai gona ya tabbata zai ga shekarun a gonarsa. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum da dama, sai an biya 'yan bindiga kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. Wasu masu gonakin ma suna zaman gudun hijira a cikin garin Anka, kuma ramin zinare yana biya a ranar da aka shige shi.