BANGASKIYA BA TA TSORON TAMBAYA: Darasi Daga Waliyyi Toma na Akwino



A ranar 28 ga watan Janairu na kowace shekara, Ikklisiya Katolika takan tuna da Waliyyi Toma na Akwino, firist kuma malamin Ikklisiya. Gadon da ya bar mana ya shafi wata damuwa da ke cikin gidajenmu. Yaro yakan dawo daga makaranta yana tambaya: ta yaya Allah yake ɗaya, kuma muna kiran Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki? Don me mai adalci yake shan wuya? Sau da yawa amsar da yake samu tsawa ce: "Rufe mana baki, ka gaskata kawai." Yaron yakan yi shiru, amma tambayar tana nan a zuciyarsa. Zai kai ta inda za a saurare shi, wani lokaci kuwa daga can ba ya dawowa. Rayuwar Waliyyi Toma tana nuna mana hanyar da ta fi wannan.

An haife shi wajen shekara ta 1225 a Rokaseka, a ƙasar Italiya, cikin gidan sarauta. Yana ɗan shekara biyar aka kai shi gidan sufaye na Monte Kasino, daga nan ya wuce jami'ar Nafoli. A shekara ta 1244 ya shiga ɗarikar Dominikan, masu wa'azi waɗanda suka zaɓi talauci. Danginsa suka ga abin kunya ne, suka kama shi a hanya, suka tsare shi kimanin shekara guda, amma bai sauya ra'ayi ba. Da aka sake shi ya yi karatu a hannun Waliyyi Albat Babba a Faris da Kolon. Saboda girman jikinsa da yawan shirunsa, abokan karatunsa suka yi masa laƙabi da bijimi bebe. An ruwaito cewa malaminsu ya gargaɗe su cewa wata rana duniya duka za ta ji kukan wannan bijimin.

A shekara ta 1256 ya zama babban malamin tauhidi a jami'ar Faris. Aikin irin wannan malami a zamanin kashi uku ne: bayyana Littafi Mai Tsarki, muhawara a kan tambayoyi masu wuya, da wa'azi. Saboda haka tushen iliminsa Maganar Allah ce. Ya rubuta sharhi a kan Littafin Ayuba, da Bisharar Yohanna, da wasiƙun Manzo Bulus, ya kuma tattara bayanan Ubannin Ikklisiya a kan Bisharu huɗu bisa roƙon Paparoma Urban na Huɗu.

Babban littafinsa, Summa Theologiae, yana ɗauke da tambayoyi fiye da 500, kowace an rarraba ta zuwa ƙananan batutuwa. Ku lura da tsarinsa. Da fari yakan kafa tambayar. Sa'an nan ya kawo hujjojin masu saɓa masa, da dukan ƙarfinsu, ba tare da ya rage musu kaifi ba. Bayan haka ne yake ba da tasa amsa, ya koma ya warware hujjojin ɗaya bayan ɗaya. Ko a kan batun kasancewar Allah, shi da kansa ya fara rubuta hujjar mai musu, wato idan Allah nagari ne marar iyaka, ina mugunta ta samu wuri a duniya? Wanda yake tsoron kada bangaskiyarsa ta rushe ba zai iya yin haka ba. Toma ya iya, gama ya tabbata cewa Allahn da ya ba mu hankali shi ne ya ba mu wahayi, kuma gaskiya ba ta karo da gaskiya.

A zamaninsa littattafan Aristotal, masanin Girka wanda ya rayu tun kafin haihuwar Kristi, sun tayar da ƙura a Turai, har an hana koyar da waɗansunsu a Faris a shekara ta 1210 da ta 1215. Da yawa daga cikinsu sun iso tare da sharhin malaman Musulmi, irin su Ibn Sina da Ibn Rushd na Andalus. Toma ya karanta su da natsuwa, haka kuma malamin Yahudawa Musa ɗan Maimun. Inda suka faɗi gaskiya ya karɓa, ya ambaci sunayensu. Inda ya ga sun kauce ya ba da amsa da hujja. Ya kuma lura cewa idan kana magana da wanda bai yarda da Littafinka ba, jera masa ayoyi ba zai gamsar da shi ba, sai ku haɗu a kan hankalin da Allah ya ba ku duka. Mu da muke zaune da maƙwabta Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya, muna shan rijiya ɗaya, wannan darasi namu ne.

Duk da haka ya san iyakar hankali. Ya koyar cewa mutum zai iya duban halitta ya gane akwai Mahalicci, amma asirin Triniti Mai Tsarki sai ta wurin wahayi ake saninsa. Ya yi gargaɗi cewa mai ƙoƙarin tabbatar da irin wannan asiri da raunanan hujjoji yana jawo wa bangaskiya ba'a ne kawai. Aikin hankali a nan shi ne ya nuna cewa abin da muka gaskata bai saɓa wa tunani mai kyau ba.

A ranar 6 ga Disamba, 1273, yana cikin miƙa Hadaya Mai Tsarki, wani abu ya faru da shi wanda ya sa ya ajiye alƙalami. Ya shaida wa abokin aikinsa Rejinal cewa duk abin da ya rubuta ya zame masa kamar ciyawa idan aka gwada da abin da aka nuna masa. Gani ya kori ji. Ya rasu a ranar 7 ga Maris, 1274, a Fosanoba, yana kan hanyar zuwa taron majalisar Ikklisiya a Liyon, babban littafinsa bai kammalu ba. An ɗaga shi zuwa matsayin waliyyi a shekara ta 1323.

To, me ya rage gare mu? Iyaye da katekis, kada ku kashe tambayar yaro da tsawa. Uwarmu Maryamu da kanta ta tambayi mala'ika yadda saƙonsa zai cika (Luka 1:34), ba a kuwa tsauta mata ba. Idan ba ku da amsa, ku riƙe hannunsa ku je wurin Fada tare. Matambayi ba ya ɓata. Matasa, ku karanta Littafi Mai Tsarki da Katekizim da irin himmar da kuke ba darussan jarrabawa, gama Ubangiji ya umarce mu mu ƙaunace shi har da hankalinmu (Markus 12:30). Dukanmu kuma, idan an tambaye mu dalilin begenmu, mu fara saurara har mu fahimci mai tambaya, sa'an nan mu amsa da tawali'u da ladabi, kamar yadda Manzo Bitrus ya hore mu (1 Bitrus 3:15-16). Ilimin da muka samu kuwa ya kai mu ga durƙusawa, kamar yadda ya kai Toma.

Bari Allah, tushen dukan hikima, ya haskaka hankalinmu, ya ƙarfafa bangaskiyarmu, ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Waliyyi Toma na Akwino, ka yi addu'a dominmu.